Buhu ɗaya, takarda biyu: abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani game da injin awo

Wani kira da muka samu a filinmu na rediyo shi ya sa muka ɗauko alƙalami a yau. Wani dattijo, dillalin hatsi a nan birnin Maraɗi, ya bugo mana waya ransa a ɓace. Ya ce ya tara wake mai yawa, wani mai saye daga ƙasar waje ya nemi takardar awo kafin a ɗora kaya. Ya ɗebi samfur ya aika wani ɗakin awo, takarda ta dawo ta ce kaya lafiya lau. Mai saye shi ma ya ɗebi nasa ya kai wani ɗakin awo a can ƙasarsu, tasa takardar ta ce akwai ragowar maganin ƙwari fiye da kima. Ciniki ya watse, kuɗin mota da na ƴan dako suka bi ruwa. Tambayar dattijon ita ce, a cikin ɗakunan nan biyu wane ne ya yi ƙarya?

Muka ce masa, Baba Alhaji, a yi mana haƙuri mu bincika. Abin da bincikenmu ya nuna shi ne, takardu biyu na iya saɓawa ba tare da kowa ya yi ha'inci ba. Dalilan suna da yawa, amma akwai ɗaya da ke ɓoye a cikin injin awon kansa, wanda bai kai cikin cokalin shayi ba, alhali yana iya mayar da kamyo guda na kaya gida. Kafin mu kai gare shi, bari mu tuna abin da ya sa awo ya zama dole.

Abin da ido ba ya gani

Mu mutanen wannan jiha ba mu buƙatar a yi mana dogon wa'azi a kan awo, domin Tibiri ta ishe mu darasi. Tun tsakiyar shekarun 1980 mutanen garin suka riƙa shan ruwan wata rijiyar burtsatse, ruwa garau, ba wari ba ɗaci. Sai wajen shekara ta 2000 zance ya fito fili cewa ruwan na ɗauke da sinadarin fuluwo ninki uku zuwa huɗu na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita ɗaya. Kafin nan ɗaruruwan yara sun riga sun nakasa, ƙasusuwa sun lanƙwashe, haƙora sun dafe. Babu uwar da za ta iya gane wannan da ido ko da harshe.

Haka abin yake ga gyaɗa, wadda da ita ce alhazan Maraɗi na farko suka yi arziki, zamanin da kamfanin SONARA, da aka kafa a 1962, ke saye yana kaiwa waje. Idan gyaɗa ta sha danshi, wani fumfuna kan kama ta ya bar guba mai suna afulatoksin. An gano wannan guba ne bayan da ƴaƴan talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Gubar na haddasa ciwon dajin hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A ƙasar Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu bayan cin masara mai wannan guba. Shi ya sa Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce miligiram 4 na gubar a cikin tan guda.

Wake kuwa labarinsa yana nan kusa da mu, bayan Ɗan Isa da Jibiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin nan da muka sani da fiya-fiya, wanda ake zuba wa wake don gudun ƙwari. Iyakar da suka sa ita ce miligiram 0.01 a kilo ɗaya, ma'ana miligiram 1 kacal a buhu mai kilo 100. Wannan hani ba laifin wani inji ba ne, maganin yana cikin waken da gaske. Amma ya nuna mana irin ƙanƙantar abin da ake nema, da kuma dalilin da ya sa ɗan kuskure kaɗan a wajen awo ke iya zama babbar asara.

Yadda injin ke rarrabe abubuwa

Injin da muke magana a kai ana kiransa HPLC, aikin da yake yi kuma masana na ce masa kuromatogirafi. Asalin dabarar daga ganye ta fito. A 1903 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha mai suna Mikhail Tsvet ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganye daga sama, sannan ya bi shi da wani ruwa. Sai launin ganyen ya rabu hawa-hawa, kore a nan, rawaya a can. Da za a yi wa ganyen zogalenmu na Jiratawa haka, shi ma zai rabu.

Injin yau ma haka yake, sai dai bututun na ƙarfe ne, tsawonsa sau da yawa santimita 15, an cika shi da wani gari mai laushin gaske. Ana niƙa samfur, a jiƙa shi, a tace, a ɗura ɗigo kaɗan a bakin bututun, famfo ya riƙa turo ruwa da ƙarfi. Ku ɗauka bututun nan babbar kasuwar Maraɗi ce ranar Litinin ko Juma'a. Mutane goma sun shiga ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya. Baƙon da bai san kowa ba zai fita da wuri. Wanda ke da abokai a kowace rumfa sai ya tsaya gaisuwa nan, ya sha ruwa can, shi ne zai fita a ƙarshe. Haka sinadaran da ke cikin samfur suke, wani garin bututun ba ya riƙe shi, wani yana manne masa. A bakin fita akwai idon inji, wanda ke zana ɗan tudu a kan kwamfuta duk lokacin da wani ya wuce. Lokacin fitowa shi ke taimakawa a gane ko wane ne, girman tudun kuma shi ke faɗin yawansa.

To amma akwai masu manne wa garin da ruwa zalla ba zai fitar da su ba ko da za a kwana. Kowace mace ta san wannan a wajen wanki, ƙura na fita da ruwa, amma maiƙo sai da sabulu. Don haka injin na da kwalabe biyu ko fiye, ɗaya ta ruwa, ɗaya ta wani ruwan sinadari mai ƙarfi irin dangin alkol. Ana farawa da ruwa mai yawa da ɗan kaɗan na mai ƙarfin, sannan a riƙa ƙara mai ƙarfin sannu a hankali bisa jadawali, minti bayan minti. Da wannan dabara ce ake neman magungunan ƙwari fiye da ɗari a awo guda na ƙasa da rabin awa.

Ruwan jinkiri

A nan ne gizo ke saƙa. Wurin da injin ke gauraya ruwan biyu daban, bakin bututun rarrabewa daban. A tsakaninsu akwai tiyo, da mahaɗi, da wurin ɗura samfur, kuma dukansu cike suke da tsohon ruwa. Idan kwamfuta ta ce a ƙara ƙarfi yanzu, sabon haɗin ba zai iso bututun ba sai ya tura duk tsohon ruwan nan gaba. Yawan wannan ruwa da ke kwance a hanya shi muke kira ruwan jinkiri.

Iyayenmu mata sun fi kowa sanin wannan a wajen injin niƙa. Idan kika zuba geronki bayan wadda ta niƙa dawa, garin da zai fara fitowa ba naki ba ne, na wadda ta riga ki ne, sai ya ƙare sannan naki ya biyo. Ƙaramin inji kaɗan yake riƙewa, babba kuwa yana riƙe mai yawa. Manoman Jiratawa ma sun san shi. A filin noman rani da aka gina a farkon shekarun 1980, mai hekta sama da 500, wanda ma'aikatar ONAHA ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma, idan aka tayar da famfo mai gona a bakin magudana yakan ga ruwa nan take, na can ƙarshe kuwa sai ya jira. Famfo ɗaya ne, lokacin kunnawa ɗaya ne, tsawon hanya ne ya bambanta.

Injunan awo ma kowane da tsawon hanyarsa. Akwai masu gauraya ruwa kafin ya shiga famfo, waɗannan jinkirinsu ya fi yawa, domin cikin famfon kansa ya shiga lissafi, galibi wajen mililita 1 ko fiye. Akwai masu gauraya ruwa bayan famfo, nasu ya fi ƙanƙanta. Tsofaffin injuna kan kai mililita 2 har zuwa 5, wato cikin cokalin shayi guda. Sababbin da suka fara fitowa kasuwa daga 2004, irin wanda kamfanin Waters na Amurka ya fitar a wannan shekara, nasu na iya sauka ƙasa da rabin mililita, wasu ma wajen kashi ɗaya cikin goma na mililita.

Lissafin mai sauƙi ne, ana raba ruwan jinkiri da gudun ruwa. Idan jinkirin mililita 1 ne, famfo kuma na tura mililita 1 a minti, an makara da minti 1. Idan jinkirin mililita 2 ne, famfo na tura rabin mililita a minti, an makara da minti 4. A awon da duka-duka minti 15 ne, minti 4 ba wasa ba ne.

Idan aka ɗauke hanyar awo daga wani inji zuwa wani

Hanyoyin awo, wato rubutattun ƙa'idojin da ke cewa a yi amfani da bututu kaza da ruwa kaza da jadawali kaza, yawancinsu a manyan ɗakunan awo na ƙasashen waje aka tsara su, a kan injunansu. Sai a ɗauko takardar a kawo wani ɗaki mai wani inji daban, wani lokaci sabo, wani lokaci tsoho da aka samu ta hanyar taimako. Ma'aikaci zai bi takarda sau da ƙafa, bai rage ba bai ƙara ba, amma idan ba a lura da ruwan jinkiri ba sakamako na iya fitowa daban ta hanyoyi uku.

Na farko, sinadaran kan fito a makare ko da wuri. Idan an saita idon inji ya dubi wani magani tsakanin minti na 6 da na 7 kawai, shi kuwa ya fito a minti na 8, inji zai ce bai gan shi ba, alhali yana nan. Na biyu, tazarar da ke tsakanin tuddai kan canza, musamman waɗanda ke fitowa a farkon awo. Tudu biyu da suke rabe a wancan inji sai su hau kan juna a wannan, a lissafa su a matsayin abu ɗaya, adadi ya kumbura, a ƙi kayan da ba su da laifi. Na uku, wani lokaci biyu kan yi musayar wuri, na gaba ya koma baya, a kira wani da sunan wani.

Duk cikin ukun akwai mai asara. Idan inji ya ƙara, ɗan kasuwa ne zai yi kuka. Idan ya rage, mai ci ne zai cutu, kuma mai cin nan ƴaƴanmu ne, domin kayan da ba su fita waje ba a kasuwanninmu suke ƙarewa, a sayar da su tiya-tiya, su shiga ƙosai da ɗan wake da ƙuli-ƙuli.

Maganin abin

Abin farin ciki shi ne, auna ruwan jinkiri ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Ma'aikaci zai cire bututun rarrabewa ya sa siririn tiyo a madadinsa. Kwalba ɗaya ruwa zalla, ɗaya kuma ruwa da ɗan ɗigon asiton, wato ruwan nan da ake goge jan farce da shi, domin idon inji na ganinsa. Sai a umurci inji ya tashi daga kwalbar farko zuwa ta biyu a hankali cikin minti 20. Bisa lissafi ya kamata a kai rabi a minti na 10. Idan ido bai ga rabi ba sai a minti na 11, famfo kuma na tura mililita 1 a minti, to ruwan jinkirin wannan inji mililita 1 ne.

Da zarar an san na kowane inji, gyara ya zo da sauƙi. Idan an taso daga mai dogon jinkiri zuwa mai gajere, sai a ce wa sabon ya dakata na tsawon bambancin kafin ya fara ƙara ƙarfi. Idan kuwa daga mai gajere ne zuwa mai dogo, sai a jinkirta ɗura samfur har sabon ruwan ya kusa bakin bututu, ko a rage zaman jiran da ke farkon jadawali in akwai shi. Bayan haka dole a gwada inji da samfurin shaida, wanda aka riga aka san abin da ke cikinsa da yawansa, kamar yadda mai sikeli na gaskiya ke gwada sikelinsa da dutsen kilo. Manyan littattafan ƙa'idar magunguna na Turai da Amurka, waɗanda suka daidaita babinsu na wannan fanni a 2022, sun tanadi wannan lissafi a rubuce, domin da irin wannan inji ne ake duba ko ƙwayar magani na ɗauke da abin da aka rubuta a kwalinta. Ɗakin awo na kirki ya san duk wannan. Matsalar tana tasowa ne inda aka yi gaggawa, ko inda aka kawo inji ba a horar da mai aiki da shi ba.

Ba kullum ne inji ke da laifi ba

Gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta. Sau da yawa saɓanin takardu daga ɗiban samfur yake farawa. Gubar gyaɗa ba ta bazuwa daidai a cikin buhu, ƙwaya ƴan kaɗan ne ke ɗauke da ita da yawa. Wanda ya ɗebi hannu guda daga bakin buhu na iya kuskure su, wani ya ci karo da su. Shi ya sa dokar Turai ta ce idan gyaɗa ta kai tan 15, sai an ɗiba a wuri 100 daban-daban, a haɗa kilo 20, sannan a niƙa a auna. Bugu da ƙari, fiya-fiya na tashi a iska da tafiyar kwanaki, kuma wani kan sake fesa wa kaya magani a sito ko a hanya, don haka awon yau da na bayan wata guda ba lalle su zo ɗaya ba. Har ila yau kowane inji da iyakar ganinsa. Idan takarda ta ce ba a gani ba, ma'anarta abin bai kai inda idon wannan inji ke iya gani ba, wani mai kaifin ido na iya ganinsa.

Da muka koma wajen Baba Alhaji muka tambaye shi ko ya ajiye wani kaso na samfurin da ya aika, sai ya ce a'a, bai san ana yin haka ba. Ke nan babu abin da za a kai ɗaki na uku ya raba gardama. Wannan ita ce asarar da ta fi yi mana ciwo, domin rigakafinta kyauta ne.

Shawara ga ƴan kasuwa

Ba mu ce kowa ya zama masanin kimiyya ba, amma wanda zai biya kuɗin awo yana da haƙƙin tambaya. Da farko, a ɗebi samfur daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a gauraya, a raba uku a gaban mai saye ko wakilinsa. Ɗaya naka, ɗaya nasa, ɗaya a liƙe a rubuta kwanan wata a ajiye a wuri mai sanyi. Na biyu, tun kafin ciniki a yi yarjejeniya a rubuce a kan ɗakin awon da za a yarda da hukuncinsa. Na uku, a duba ko takarda ta faɗi hanyar awon da aka bi, da iyakar ganin inji, da ranar da aka auna. Na huɗu, a tambaya ko ɗakin na da shaidar ƙwarewa ta ISO 17025 a kan irin wannan awo, kuma ko an tabbatar da hanyar a kan injin da ke ɗakin, ba a kan takarda kawai ba. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da busasshen zogale, kuɗin awo na iya yi wa mutum ɗaya nauyi, amma ƙungiya ko adashi na iya haɗawa a auna kaya sau ɗaya a kaka. A Yamai akwai ɗakin awo na ƙasa, LANSPEX, wanda aikinsa ne duba magunguna da abinci da ruwa. A nan gida kuma muna da cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da aka kafa a 2010, inda ake iya neman shawarar masana. Kiranmu ga hukumomi da masu kawo taimakon injuna shi ne su haɗa da horon ma'aikata da kayan gwaji, kada a sauke inji a tafi.

Mafi sauƙin duka shi ne kada a ba inji abin da zai gani. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007 tare da Jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken INRAN na Maraɗi, yana adana wake ba tare da ɗigon magani ba, muddin an ɗaure shi da kyau. Gyaɗa a shanya ta ta bushe sarai, a tsince ruɓaɓɓu da masu fumfuna a zubar, kada a mayar da su ƙuli-ƙuli, a ɗora buhuna a kan katako nesa da danshi. Masu zogale da kayan lambu na Jiratawa da Tibiri su kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar magani kafin su yanka.

Mun saba da gardamar tiya, kowa ya san tiyar wata kasuwa ta fi ta wata, shi ya sa mai wayo ke tambayar da wace za a auna kafin ya sallama. To injin awo ma haka ne, a tambaya kafin a ɗora kaya. Allah ya tsare mu da asara, ya ba mu kasuwa mai albarka.